Abin da ya kamata ku sani game da f(x): sa lamba a gurbin harafi

Ɗalibai da yawa da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO, da zarar sun ga an rubuta f(x) = 2x + 3, aka ce su nemo f(5), sai gabansu ya faɗi. Alhali a duk aljabara da wuya a sami maki mai araha kamar wannan.

Harafin x gurbi ne kawai da aka bari don a sa lamba. Shi kuwa f sunan ƙa'idar ne, wadda malaman lissafi ke kira fankshin. Abin da wannan ƙa'ida ke cewa shi ne: duk lambar da aka ba ka, ka ninka ta biyu, ka ƙara uku. To, an ba ka 5. Biyu sau biyar goma, a ƙara uku, 13 ke nan. Kada a ɗauka f(5) na nufin f sau biyar. Lambar da ke cikin baka ita ce wadda za a shigar. Haka nan 2x, idan x ya zama 5, goma ne, ba 25 ba.

Wannan salon rubutu na f(x) masanin lissafi Leonhard Euler ne ya fito da shi a 1734. Tun kafin nan da ƙarnoni, al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma da zallar kalmomi ya yi bayani, babu x babu f. A ganina har yau dabararsa ta fi yi wa mai koyo amfani: ka fara faɗin ƙa'idar da bakinka kafin ka taɓa biro.

Mai fitar da zakkar kuɗi ma wannan aikin yake yi. Idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya bisa arba'in, wato z(x) = x ÷ 40. Mai naira 40,000,000 zai sa adadin a gurbin x, ya sami 1,000,000. Gobe wani ya zo da nasa adadin, ƙa'idar tana nan yadda take.

Inda ake tafka asara shi ne lambobin da ke ƙasa da sifili. A ce f(x) = x² − 3x, ana neman f(−2). Duk inda x yake, a cire shi, a sa −2 a cikin baka: (−2)² − 3(−2). Na farkon yana nufin −2 sau −2, wato 4, domin ɗebewa sau ɗebewa tarawa take haifarwa. Na biyun ma haka: −3 sau −2 ya ba da 6. Amsa 10. Wanda ya yi kasalar rubuta baka yakan ƙare da 2 ko −10, yana ta mamakin inda ya kauce. Kalkuleta ma ba za ta cece shi ba, don irin ta kimiyya in aka danna mata −2² babu baka, −4 za ta nuna. Sai kuma a kiyaye jerin aiki: abin da ke cikin baka tukuna, sannan lambar da aka ninka da kanta, sannan sau da rabawa, tarawa da ɗebewa su zo ƙarshe.

Ba kowace lamba ce ƙa'ida ke karɓa ba. A g(x) = 12 ÷ (x − 3), in aka sa 7 za a raba 12 gida huɗu, a sami 3. In aka sa 3 kuwa, abin da ke cikin baka ya zama sifili, kuma ba a raba lamba da sifili. Amsar da mai duba takarda ke jira a nan ita ce g(3) ba ta da ƙima, ba a rubuta 0 ba.