Rufin Buɗaɗɗiyar Mota Ya Ƙi Motsi: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A titunan Nassarawa GRA, daga Ahmadu Bello Way zuwa Audu Bako Way, akan ga motocin nan masu naɗe rufinsu da kansu, musamman lokacin biki ko shagalin Sallah. Da yawansu tsofaffi ne 'yan Kwatano, irin su Mercedes SLK da aka fara fitarwa a 1996 da Peugeot 206 CC ta shekarar 2000. Wasu kuwa suna ajiye a harabar gida an lulluɓe su da tamfol. Injinsu lafiya lau, rufin ne ya tsaya. Abin takaici, yawancin ɓarnar da ke kwantar da su ba daga matsalar farko take tasowa ba, daga shawarar da aka bi wajen gyara ne. Ga maganganun da suka fi yawo a gareji da majalisa.

"Da rufi ya ƙi motsi, famfo ya ƙone ko ƙwaƙwalwa ta mutu." Sau da yawa ba haka ba ne.

Ƙaramin injin lantarki ne ke juya famfo, famfon ya tura mai ta siraran tiyo zuwa silindoji, su kuma su ɗaga rufin. Ƙwaƙwalwar rufin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, ba ta ba da umarni sai ƙananan makunnai da ke jikin ƙugiyoyi da marfin but sun shaida mata cewa kowane sashe yana inda ya kamata. Ɗaya ya yi shiru, komai ya tsaya. A SLK da 206 CC akwai labule a cikin but da ke raba kaya da mazaunin rufin. Idan ba a ja shi an maƙala ba, rufin ba zai ko girgiza ba. Haka in but bai rufu sosai ba, ko gilasan ƙofa sun ƙi sauka, ko motar tana gudu. A saurara da kyau. In an danna madanni ba a ji kukan famfo ba, a fara da fis da rile da makunnai. In yana kuka rufin bai tashi ba, a duba mai.

"Tunda mota tana tashi, babu ruwan batir." Ƙarya ce.

Famfon yana jan wuta mai yawa, ƙwaƙwalwar kuma takan dakatar da aiki da zarar wuta ta yi ƙasa. Batirin da zai iya tada inji da safe yana iya gaza wa rufi a tsakiyar hanya, shi ya sa ake so a kunna inji kafin a buɗe ko a rufe. Bayan an cire batir ko an sa sabo, gilasan wasu motocin sukan manta iyakarsu, kuma rufin ba zai amsa ba sai an sake saita su yadda littafin motar ya nuna.

"Mai duk mai ne, a zuba na birki ko na giya." Wannan ƙarya ce mai cin kuɗi.

Rufin waɗannan motoci na Turai yana aiki da nasa mai na musamman, kuma robobin cikin silinda da famfo don shi aka yi su. Man birki sinadari ne daban: yana lalata robobin, yana tsotsar danshi, yana cin fenti. Gaskiya ne wasu motocin Amurka suna amfani da man giyar otomatik a rufinsu, daga nan ne ma maganar ta samu gindin zama, amma abin da ya dace da wata mota ba hujja ba ne a kan wata. Sannan man rufi ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. In ya ragu, yoyo yake yi a wani wuri. A duba jiƙon mai a shimfiɗar but, a bayan kujeru, da saman gilashin gaba. Ƙara mai ba tare da toshe yoyon ba, zuba ruwa ne a rariya.

"Zafi da ƙurar Kano suna kashe rufi." Wannan gaskiya ne.

A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, cikin motar da aka bari a rana kuwa ya fi haka nesa. Roba takan bushe ta tsage, rufin yadi ya ƙanƙance, ɗinkinsa ya saki. Ƙurar hunturu tana cakuɗa da giris ta riƙa cin gaɓoɓi, tana kuma toshe magudanan ruwa, sai ruwan Agusta ya taru a but, inda famfon motoci da dama yake. Amma cewa "ba a yi su don ƙasarmu ba" wuce gona da iri ne. Inuwa, wanke gaɓoɓi, shafa wa robobi man silikon da buɗe magudanai kafin damina suna rage yawancin wannan ɓarna.

"Kada a riƙa taɓa shi, zai fi daɗewa." Ƙarya ce.

Robar da mai ba ya ratsa ta bushewa take yi, ƙugiyar da ba ta motsi kuma cijewa take yi. Buɗewa da rufewa jefi-jefi, a wuri mai daidaito, ya fi masa. Abin gudu shi ne maimaitawa a jere don nuna wa abokai: famfon zai yi zafi, na'urar kariya ta yanke wuta har sai ya huce.

"In ya tsaya a tsakiya, a taru a danna shi." Rabin gaskiya ne, rabin kuma haɗari.

Ana iya rufewa da hannu, amma da ƙa'ida. A yawancinsu sai an sassauta wani ƙaramin noti a jikin famfo, matsin mai ya sauka, sannan mutum biyu su ɗaga tare, ɗaya a kowane gefe. Danna shi da ƙarfi alhali matsin yana nan yana lanƙwasa ƙarafa, rufin da ya karkace kuwa da wuya ya daina yoyo. Kada a sa hannu cikin gaɓoɓin, kada a bar yara kusa, domin rufin da aka bari a tsaye yana iya faɗowa da kansa.

"Sabuwar fasaha ce, ba mai iya gyara ta a Kano." Ba gaskiya ba ne.

Tun shekarun 1930 Peugeot ya yi samfurin Eclipse mai naɗe rufin ƙarfe, Ford ma ya yi Skyliner daga 1957 zuwa 1959. Aikin waya ne da mai da roba, kuma garin nan bai rasa masu su ba. Abin nema shi ne rewaya mai aunawa kafin ya yanke waya, mai na'urar karanta ƙwaƙwalwar rufin, ba ta inji kaɗai ba. A guji wanda zai haɗa wayoyin makunni kai tsaye don ya yaudari ƙwaƙwalwa, domin ranar da rufi zai taho marfin but bai buɗe ba, asarar ta ninka. Silindar da aka ciro daga wata tsohuwar mota a Ƙofar Ruwa kuma sa'ar taka ce a shekaru. Sau da yawa sake wa taka robobi ya fi.

Don haka a bi matakai daga mai sauƙi zuwa mai tsada: labulen but da gilasai, batir da fis, yawan mai da alamar yoyo, makunnai da wayoyin da ke lanƙwashewa a gaɓoɓi, sannan famfo, ƙwaƙwalwa a ƙarshe. Mai shirin saye kuma kada ya biya sai ya ga rufin ya buɗe ya rufe a gabansa, ya ɗaga shimfiɗar but ya tabbatar a bushe take. In dillali ya ce "fis ne kawai", a ce ya sa fis ɗin tukuna, sannan a yi ciniki.