Kwikwiyon da aka raba da uwarsa da wuri, shi ke cizon yaran gida

Da an gama girbin gero a karkarar Matameye, sai ka fara ganin yara suna yawo da kwikwiyo a hammata, wani ma idonsa bai gama buɗewa ba. Karyar maƙwabta ta haihu a gindin rumbu, kowa na rige-rigen ɗaukar nasa tun kafin a riga shi. Mai gona a bakin gari yana son na gadi, mafarauci yana son na daji, kuma malamanmu ba su hana ajiye kare don farauta ko tsaron gona da dabbobi ba. Matsalar ita ce gaggawar nan.

Karya takan ɗauki ciki kimanin kwana 63. 'Ya'yan suna zuwa ido a rufe, kunne a toshe, sai bayan kwana 10 zuwa 14 suke fara gani. A wannan lokaci jikinsu bai iya riƙe ɗumi da kansa, shi ya sa sanyin hunturu ke kashe su da yawa. Tsohon buhu ko tsumma a lungun da iska ba ta bugawa ya isa. Daga mako 3 zuwa 4 za su fara lasar kunu ko tuwon da aka dama ya yi ruwa-ruwa, amma wannan ba yaye ba ne. A bar su da uwarsu har mako 8.

Me ya sa? Domin a wajen uwa da 'yan'uwansa ne kwikwiyo yake koyon iyakar haƙoransa. In ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi. In ya matsa wa uwar, ta yi masa gurnani ta ture shi. Wanda aka ɗauke yana mako 3 bai sami wannan tarbiyya ba, kuma babu ɗan Adam da zai iya ba shi ita kamar yadda uwarsa za ta yi.

Tsakanin mako 3 da mako 12, abin da kwikwiyo ya saba da shi ba ya tsoronsa in ya girma. To, nan ne ya kamata ya san hannun mai gida da muryar yara, ya ga kaji da awaki da jaki, ya ji ƙarar babur da amalanke. A riƙa taɓa shi a hankali, babba yana tsaye. Wasu kuwa sai su ɗaure shi a ɗaki mai duhu, suna dukansa suna hana shi abinci, wai don ya yi zafi. Gaskiya ba jarumi suke rainon ba, matsoraci ne, kuma kare mai tsoro bai san ɓarawo da almajirin da ya zo bara ba. Jifan da yara ke yi masa da dutse ma haka yake lalata shi.

Maganin tsutsar ciki ana fara shi tun suna mako 2, a riƙa cire musu kaska. Babban abu shi ne allurar rigakafin haukan kare idan sun cika wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya tsira, amma har yau in alamun ciwon suka bayyana, kusan babu mai tashi. Kwikwiyo ma yana iya ɗaukar ciwon, kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya likita ranar, ba sai gobe ba. Kada a tsaya shafa toka ko gashin karen. Shi kuma karen a ɗaure shi, a sanar da ma'aikatan kiwo su sa masa ido.

Iyaye, in yaro ya shigo gida da kwikwiyo, ku tambaye shi inda ya samo shi da kwanakinsa. In bai kai wata 2 ba, a mayar wa uwarsa.