BABI NA UKU: ƘA'IDOJIN AMFANI DA FARASITAMOL A TSAKANIN AL'UMMAR KANYA BABBA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan farasitamol, wato maganin nan na ciwon jiki da zazzaɓi wanda jama'a suka fi sani da sunan Panadol. Za a duba yadda yake aiki a cikin jiki, da adadin da ya kamata babba ko yaro ya sha, da kuma hanyoyin da ake bi a wuce wannan adadi ba tare da an sani ba. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, wannan magani yana da sauƙin illa matuƙar an kiyaye abubuwa uku: sunan abin da ake sha, da yawan da aka sha a yini, da kuma kwanakin da aka ɗauka ana sha.

Garin Kanya Babba yana cikin Ƙaramar Hukumar Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kano a shekarar 1991. Akasarin mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Kamar yadda yake a sauran garuruwan karkara na ƙasar Hausa, idan ciwon kai ko zazzaɓi ya kama mutum, wurin mai kemis ko mai tallar magani yake fara zuwa kafin ya yi tunanin asibiti. Saboda haka mafi yawan farasitamol ɗin da ake sha, ana shan sa ne ba da umarnin likita ba.

3.1 Asalin Maganin da Yadda Yake Aiki

Farasitamol shi ne sunan ainihin sinadarin. Panadol kuwa sunan kasuwa ne da wani kamfani ya raɗa wa nasa, wanda aka fara sayarwa a Ingila a shekarar 1956. A Amurka an fara sayar da shi da sunan Tylenol a shekarar 1955. A Nijeriya kamfanoni da dama suna yin sa, kowane da sunan da ya ba shi da irin kwalin da yake zuba shi.

Aikin wannan magani iri biyu ne. Na farko, yana rage raɗaɗin ciwo kamar ciwon kai da ciwon haƙori da ciwon gaɓoɓi. Na biyu, yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, sai zazzaɓi ya sauka. Yakan fara aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ƙarfinsa kuma yakan ɗauki awa 4 zuwa 6. Ba ya kashe ƙwayar cutar maleriya ko ta taifot ko wata ƙwayar cuta. Alamar ciwo kawai yake kwantarwa.

Bayan an sha shi, hanta ce take sarrafa shi. Mafi yawansa hanta takan mayar da shi wani abu marar illa wanda yake fita ta fitsari. Wani ɗan kaso kaɗan kuwa yakan rikiɗe ya zama guba. Hanta tana da wani sinadari na kariya mai suna gulutatayon, wanda yake kama wannan guba ya kashe kaifinta. Idan maganin ya yi yawa, sai wannan kariya ta ƙare, gubar ta shiga cin naman hantar. Wannan shi ne tushen dukkan ƙa'idojin da za su biyo baya.

3.2 Adadin da Ya Dace

3.2.1 Manya

Ƙwayar farasitamol da aka saba gani tana ɗauke da miligiram 500. Babban mutum yana iya shan ƙwaya 1 ko 2 a lokaci guda. Tilas ne a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha, kuma kada a wuce sau 4 a cikin awa 24. Wato ƙwaya 8, ko miligiram 4,000, ita ce iyaka ta ƙarshe a yini da dare. Wannan iyaka ta mai cikakkiyar lafiya ce. Mutumin da nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da tsoho mai rauni, da mai fama da rashin abinci, da mai ciwon hanta, da mai shan giya, duk suna bukatar ƙasa da haka, domin kariyar hantarsu ba ta kai ta sauran mutane ba.

Batun ciwon hanta yana da muhimmanci a nan. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma da yawa daga cikinsu ba su san suna ɗauke da ita ba. Duk wanda aka taɓa gaya wa yana da wannan cuta, ya kamata ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin ya riƙa shan farasitamol a kai a kai.

3.2.2 Yara

Nauyin yaro ake dubawa wajen ba shi wannan magani, domin yara biyu masu shekaru ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a nauyi, musamman inda ake fama da tamowa. Ƙa'idar ita ce miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo ɗaya na nauyin yaro, kuma kada a wuce sau 4 a awa 24. Na ruwa da aka fi sayarwa yana ɗauke da miligiram 120 ko 125 a cikin kowane mililita 5. Bisa wannan lissafi, yaro mai kilo 8 iyakarsa mililita 5 a sha ɗaya, mai kilo 12 mililita 7.5, mai kilo 16 kuwa mililita 10.

Akwai kurakurai biyu da iyaye suke yawan faɗawa ciki. Na farko shi ne awo da cokalin gida, alhali cokula ba girmansu ɗaya ba. Cokalin cin abinci yana iya ɗaukar ninki uku na ƙaramin cokalin shayi. Abin da ya dace shi ne a yi amfani da ɗan murfin awo ko sirinjin da yake zuwa a cikin kwalin. Na biyu shi ne rashin bambance na ruwa da na ɗigo. Na ɗigo, wanda ake yi wa jarirai, yakan ƙunshi miligiram 100 a cikin mililita 1 kacal, wato ya ninka na ruwa ƙarfi kusan sau huɗu. Uwar da ta auna na ɗigo da murfin na ruwa, ta ba ɗanta abin da ya wuce kima nesa ba kusa ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, idan jikinsa ya yi zafi, asibiti ake kai shi kai tsaye.

3.3 Yadda Ake Wuce Iyaka Ba da Sani Ba

Da wuya a sami mutumin da zai watsa ƙwaya goma a baki lokaci guda don ciwon kai. Sau da yawa wuce iyaka yana faruwa ne a hankali, ta hanyar shan abu ɗaya da sunaye daban-daban. Magungunan mura irin su Procold suna ɗauke da farasitamol. Panadol Extra farasitamol ne da aka haɗa da sinadarin kafin mai wartsakarwa. Ibucap ma yana ɗauke da shi tare da wasu sinadarai. Sai kuma abin da ake kira haɗi, wato ƙwayoyi iri-iri da mai magani yake ɓarewa daga kwalayensu ya ƙulle a leda ko takarda, don ciwon jiki ko gajiya. Mai shan haɗi ba ya da hanyar sanin abin da yake ciki.

Misali zai fito da wannan fili. A ɗauka manomi ne a tsakiyar damina, lokacin noman gero da gyaɗa, jikinsa yana ciwo kuma mura ta kama shi. Da asuba ya sha farasitamol 2. Da hantsi aka kawo masa haɗi a gona, a ciki akwai wasu 2. Da azahar ya sha maganin mura 2, da la'asar Panadol Extra 2, da zai kwanta kuma ya ƙara farasitamol 2. A ganinsa magani iri huɗu ya sha. A lissafin hanta kuwa ƙwaya 10 ce ta abu ɗaya, wato kimanin miligiram 5,000. Idan ya yi haka kwana uku ko huɗu a jere, ga wahalar aiki ga ƙarancin abinci, hantarsa tana iya samun mummunan rauni.

Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne yadda alamomin suke jinkirin bayyana. A rana ta farko mutum ba ya jin komai, ko kuwa ya ji tashin zuciya da amai kawai. A rana ta biyu zuwa ta uku ciwo yakan fara a gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Daga rana ta uku zuwa ta huɗu idanu sukan yi ɗorawa, hankali ya gushe, wani lokaci har da zubar jini. A al'adance, idan idanu suka yi ɗorawa akan ce shawara ce, a nemi jiƙon rawaya ko wasu saiwoyi, kuma a nan ne ake ɓata lokaci mai tsada. Akwai makarin wannan guba, sunansa asetilsistin, amma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko. Don haka duk wanda ya gane ya wuce iyaka, ko yaro ya ɗauki kwalba ya sha, a garzaya da shi babban asibiti mafi kusa, na Babura ko na Kazaure, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, a tafi kuma da kwalin abin da ya sha.

3.4 Saukar Zazzaɓi Ba Warkewa Ba Ce

Zazzaɓi alama ce ta cewa jiki yana faɗa da wata cuta. A wannan yanki, daga tsakiyar damina zuwa kaka, maleriya ce kan gaba. A lokacin zafi kuwa akwai fargabar sanƙarau, cutar da ta hallaka sama da mutum 11,000 a Nijeriya a annobar shekarar 1996, mafi yawansu a jihohin Arewa. Farasitamol yana saukar da zafin jiki a duka cututtukan biyu, cutar kuwa tana nan tana ci gaba. Iyaye sukan ga yaro ya yi gumi ya tashi yana wasa, su ɗauka ya warke, bayan awa shida jiki ya sake ɗaukar zafi.

Tun daga shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, kuma gwajin gaggawa na ɗigon jini ba ya wuce minti 20. Ƙa'idar da ta dace ita ce, a ba da farasitamol don a sami sauƙi, sannan a je gwaji, yaro ƙarami a cikin yini ɗaya, babba kuwa kada ya wuce kwana 3 yana shan magani a gida. Idan aka ga jijjiga, ko sanƙarewar wuya, ko yaro ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko barci mai nauyi, ko numfashi sama-sama, ba a jiran komai.

3.5 Ingancin Maganin

Ko da an kiyaye adadi, gurɓataccen magani yana iya kisa, kuma Nijeriya ta ga haka har sau biyu. A shekarar 1990 yara 109 suka mutu a yankunan Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da dayetilin gilaikol, wani sinadari na masana'antu mai lalata ƙoda. Wannan musiba tana cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC da Doka ta 15 ta shekarar 1993. Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009 kuma, yara 84 suka mutu sakamakon shan My Pikin, maganin fitar haƙori mai ɗauke da farasitamol, wanda shi ma aka samu wannan sinadari a cikinsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin asibitocin da suka karɓi waɗannan yara. Babbar alamar da aka gani a jikinsu ita ce ɗaukewar fitsari. Wannan darasi ne ga iyaye mata, waɗanda sukan danganta zazzaɓi da gudawar jariri ga haƙori, su yi ta ba shi magani a gida.

Saboda haka mai saye ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da maganin zai daina aiki, ya kuma guji ƙwayar da aka ɓare daga kwalinta. Akasarin kwalaye suna ɗauke da umarnin a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Maganin da ya yini a kan faranti a tsakiyar rana a kasuwa bai cika wannan sharaɗi ba. A gida kuma a ajiye shi a inuwa, a inda hannun yara ba ya kaiwa, domin na ruwa yana da zaƙi.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa farasitamol magani ne mai amfani da araha, wanda ya fi aspirin dacewa da yara, ya kuma fi sauƙi ga mai gyambon ciki. An nuna kuma cewa illarsa tana zuwa ne ta fuska uku: shan sa da sunaye daban-daban har a wuce ƙwaya 8 a yini, da auna wa yara ba bisa nauyinsu ba, da dogara da shi kwana da kwanaki alhali cutar da ta kawo zazzaɓin tana nan. Tun da yake mai kemis ne mutum na farko da marar lafiya yake gani a gari irin Kanya Babba, nauyi mai yawa yana wuyansa: ya tambayi mai saye abin da ya riga ya sha a ranar, ya faɗa masa sunan abin da yake ba shi, ya kuma tura shi asibiti idan kwanaki sun ja.