Sawun da Ba Ya Gogewa

A zangon karatun da ya gabata, wani tsohon ɗalibina mai hazaƙa ya shigo ofishina fuskarsa babu walwala. Ya sami gurbin digiri na biyu a Amurka, yana cikin cike takardar neman biza sai ya ci karo da tambayar da ta tsayar da shi: ya lissafa duk sunayen da ya yi amfani da su a kafofin sada zumunta cikin shekaru 5 da suka wuce. Tun 2019 Amurka ta shigo da wannan tambaya, a 2025 kuma ta umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu kowa ya gani. Ya ce da ni, "Malam, akwai abubuwan da na rubuta ina aji ɗaya. In na goge yanzu, shi ke nan?"

Ban iya ce masa eh ba. Abin da mutum ya wallafa yakan fita daga hannunsa cikin daƙiƙa guda: wani ya ɗauki hotonsa ya adana, wani ya tura zauren WhatsApp, ga kuma rumbuna irin su Internet Archive da ke taskace shafukan intanet tun 1996. Sunan bogi ma ba garkuwa ba ne, domin tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, kuma da layin ake buɗe yawancin shafukan. Magana zarar bunu ce tun kafin zuwan waya. Yanzu dai bunun ne ya sami ma'ajiya.

A 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin aƙalla ɗalibai 10 saboda munanan hotunan barkwanci da suka yi musaya a wani zauren Facebook da suka ɗauka na sirri ne. A nan gida, a Nuwamban 2022 an tsare wani ɗalibin jami'a a kan saƙo guda da ya rubuta a Twitter watanni kafin nan. Ina ganin an wuce gona da iri a tsarewar, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024, yana buƙatar sa ido. Amma ɗalibai nawa ne suka taɓa jin sashen daga bakin malaminsu?

A nan laifinmu yake. Muna koya musu buga rubutu a kwamfuta da haddace sunayen sassanta, mu bar su su koyi zaman intanet a hannun junansu. In ma mun tanka, tsoratarwa ce kawai. Ni ba ɗalibi matsoraci nake nema ba. Ɗan ƙasa nake so, wanda ya san haƙƙinsa da haƙƙin da ke kansa. Ya san cewa dokar kare bayanai ta 2023 ta ba shi damar tambayar kamfani abin da ya tara a kansa, ya nemi a gyara ko a share. Ya kuma san cewa hoton abokiyar karatunsa ba nasa ba ne da zai watsa, kuma tura saƙon da bai tantance ba na iya kisa, kamar jita-jitar shan ruwan gishiri lokacin Ebola a 2014.

Yanzu a makon farko nakan ware rabin sa'a, kowa ya nemi sunansa da lambar wayarsa a Google. Ajin yakan fara da dariya, sannan ya yi tsit. Ni ma na gwada, na tarar da wata muhawara ta shekarun baya da ba zan so 'ya'yana su karanta ba. Manhajar CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. A ciki akwai wurin wannan darasi, in majalisun jami'o'inmu sun ga dama.

Shi kuwa ɗalibin nawa, na shawarce shi kada ya ɓoye ko shafi ɗaya, domin ƙarya a takardar biza ta fi tsohon rubutu haɗari. Ya lissafa su duka, ya goge abin da yake jin kunyarsa. Har yanzu yana jiran ranar ganawa.