Ƙauyen Masunta da Baƙi Suka Fi 'Yan Gari Yawa

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar busasshen kifi daga Yawuri, ya rubuto yana cewa, wai da gaske ne a ƙasashen Turawa mutane kan ɗauki ƙafa takanas su je kallon ƙauyen masunta? Me ake gani a can?

AMSA: To Malam, da gaske ne. Bari mu ba ka misali da Peggy's Cove, wani ɗan ƙauye a bakin tekun Atlantika, cikin lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada, kamar kilomita 43 daga birnin Halifax. An kafa shi a 1811, lokacin da gwamnati ta ba iyalai shida fili a wurin. Mazaunansa na dindindin ba su kai 50 ba, amma baƙin da ke zuwa a shekara sun fi rabin miliyan.

Manomi in ya je sai ya riƙe baki, don kusan ko'ina falalen dutse ne, ba inda za ka kafa garma. Teku ita ce gonarsu. Abin da suka fi kamawa shi ne lobsta, wata halittar ruwa mai kama da ƙaton jatan lande, mai hannaye irin na ƙaguwa. Da tarko ake kama ta, shigen gurar masuntanmu, a sa kifi a ciki a nutsar. Kamun ma da dokarsa. Ana buɗewa a ƙarshen Nuwamba, a rufe ƙarshen Mayu, wato cikin tsananin sanyi ake aikin. Wadda ba ta kai girma ba, da macen da ke ɗauke da ƙwai, dole a mai da su ruwa. Wanda ya ga yadda taru mai ƙananan idanu ke kwashe 'ya'yan kifi a kogunanmu ya san amfanin wannan doka.

Su kuwa baƙi sun fi zuwa lokacin zafi, bayan an rufe kamun. Shiga ƙauyen kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Cinikin yana ga kantunan tsaraba, da masu sayar da zane-zane, da masu dafa lobsta su cusa a burodi. Ka ga ke nan ƙauye ɗaya, kasuwa biyu. Tun 1962 akwai dokar da ta hana gine-gine barkatai, don kada kamannin wurin su ɓace.

Abin da kowa ke son gani shi ne farar hasumiya mai fitila a ka, tsawonta kamar mita 15, wadda ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. A 2021 aka buɗe wani dandamalin katako na tafiya a ƙasa, wanda har mai keken guragu ke iya hawa ya yi kallo.

Amma fa a yi hattara. Duk dutsen da ka ga ya yi baƙi, ruwa na kai masa ke nan, ga santsi kamar an shafa kuɓewa. Igiyar ruwa kan taso ba sallama ko da rana tsaka, ta sure mutum, kuma ruwan sanyi gare shi ƙwarai. An sha rasa rayuka haka, duk da allunan gargaɗi da aka kakkafa.

Kusa da ƙauyen akwai dutsen tunawa da mutum 229 da suka rasu a daren 2 ga Satumba, 1998, sa'ad da jirgin saman Swissair ya faɗa teku. Masuntan yankin na cikin waɗanda suka fara fita da jiragensu cikin duhu neman masu sauran numfashi, ba su sami ko ɗaya ba.

Da fatan Malam ya gamsu.