Tabon da ba ya ƙaiƙayi

Kwana uku ke nan wani saƙon murya yana yawo a wayoyin 'yan uwa daga Jangebe har Maradun, wai masani ne ke bayanin cututtukan fata. Ya ce haɗa kifi da nono na kawo kuturta. Ƙarya ce, babu abincin da ke kawo ta. Ya ce damuwa na tsananta ƙaiƙayi, a nan kam ya yi gaskiya: jijiyoyin fata suna sakin sinadarai, irin su Substance P da aka gano a 1931, su buɗe ƙananan hanyoyin jini, su zuga ƙwayoyin garkuwar jiki su saki histamin, sai wuri ya yi ja, ya kumbura. Wanda ke kwana cikin fargaba, kamar yadda da yawanmu ke yi a yankin nan, ba mamaki borin jininsa ya ƙaru.

Abin da ya ɓata min rai shi ne ƙarshen saƙon, inda ya ce tabon da ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, kyasbi ne kawai, a shafa mai a manta. Wanda ya naɗi wannan bai ji tsoron Allah ba. Masu yarda kuwa ban ga laifinsu ba, wa zai biya kuɗin mota zuwa asibiti kan abin da ba ya damunsa?

Ai shirun nan shi ne abin tsoro. Ƙwayar kuturta, wadda Hansen ya gano a Norway a 1873, jijiya take kamawa. Idan jijiyar ta lalace, saƙon zafi da na ƙaiƙayi sun yanke, gumi ma ya daina fita a wurin. Kyasbi ba ya kashe ji.

A gwada a gida. Mai tabon ya rufe ido, a murza auduga ta yi tsini, a taɓa fata mai lafiya, sannan a taɓa tsakiyar tabon, ya nuna da yatsa inda ya ji. Idan bai ji ba, wannan bai tabbatar da kuturta ba, amma ya isa a kai shi asibitin Talata Mafara a duba. Magani kyauta ne tun 1995, wata 6 ko 12 ake sha, yana kashe ƙwayar. Jijiyar da aka bari ta mutu ce ba ta dawowa, daga nan mutum ke taka ƙaya ko ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba.