Hisabin Gubar Da Ba A Gani A Hayaƙin Manyan Motoci

Wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Dawanau ta Kano cikin hunturu ya san yadda direbobin manyan motoci su kan ta da inji tun da jijjifi, su bar shi yana ruri har ya yi ɗumi, 'yan dako kuwa suna ta jidar buhunan hatsi ta bakin salansa. Baƙin hayaƙi shi ne abin da ido ya ke gani, shi kowa ya ke kauce wa. Amma tare da shi akwai wata iska wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Turawa suna ce mata kabon monoksayid. Ga bayaninta, da yadda masu ilmi su ke lissafa yawanta.

Duk abin da ya ƙone bai sami isasshiyar iska ba ya kan haifar da ita, ko gawayi ne a rufaffen ɗaki, ko man gas a cikin inji. In ta shiga huhu sai ta kama jini, ta hana shi ɗaukar iskar da rai ya ke bukata, domin jini ya fi riƙe gubar fiye da sau 200. Wani masani na ƙasar Faransa, Claude Bernard, ya bayyana haka tun 1857. Alamominta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. In ta yi yawa a wurin da iska ba ta ratsawa, mutum ya kan kwanta barci, ba ya sake tashi.

Injin gas mai lafiya bai kai injin fetur fitar da wannan guba ba, saboda ya kan zuƙi iska fiye da bukatar man da ya ke ƙonawa. Tana ƙaruwa ne sa'ad da inji ya ke da sanyi, da sa'ad da direba ya taka totur farat ɗaya da kaya niƙi-niƙi, da sa'ad da ƙura ta toshe matatar iska, ko nozul ya lalace yana ɓarin mai. Watau mota guda tana da hali iri iri, gwargwadon lafiyarta da hanyar da ta bi.

To, yaya za a san abin da motocin ƙasa guda su ka zuba a iska cikin shekara, alhali ba wanda zai iya bin kowace da ma'auni? Dabarar ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa. Mai sayen gero ba ya ƙidaya ƙwaya. Ya kan san mudu nawa ke cikin buhu, ya ƙidaya buhuna, ya buga lissafi. Haka masu wannan hisabi su ke yi. Su kan ɗauki waɗansu motoci kaɗan daga kowane iri, su gwada su, su san giram nawa na guba kowace ta ke fitarwa a kilomita ɗaya. Wannan shi ne mudunsu. Sa'an nan su ninka shi da yawan motoci, su sake ninkawa da nisan tafiya. A ƙaddara, don misali kawai, motoci 200 sun tashi daga Kano zuwa Legas, tafiyar kilomita 1,000, kowace tana fitar da giram 2 a kilomita. Jimla giram 400,000 ke nan, watau kilo 400.

Da ya ke motoci sun sha bamban, sai a ka zuba wannan lissafi cikin kwamfuta, a ka yi masa jadawali mai gidaje da yawa. Na ƙasashen Turai sunansa COPERT, masanan jami'ar Aristotle ta birnin Tasalonika a Girka sun daɗe suna kula da shi. Ya kan tambayi girman mota, da zamanin injinta, da gudunta, da hawa ko gangarar hanya, da kuma ko wofi ta ke tafe, ko da rabin lodi, ko da cikakke. Na Amurka kuwa sunansa MOVES, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kama aiki da shi a 2010 a madadin wani tsoho mai suna MOBILE. Shi ya kan bi halin inji daƙiƙa bayan daƙiƙa: tsayuwa da inji a kunne, da tashi, da taka birki. Da irin wannan hisabi hukumomi su ke sanin inda za su ɗaure doka. A Turai, a 1992, an yarda sabon injin babbar mota ya fitar da giram 4.5 a kowane awon aiki da a ke kira kilowat-awa. A 2000 a ka rage zuwa 2.1, a 2005 kuma zuwa 1.5.

Sai dai in mudu ya yi ƙarya, lissafi duka ya ɓaci, kome ƙwarewar mai bugawa. A 1998 gwamnatin Amurka ta ci kamfanoni bakwai masu ƙera injunan manyan motoci tarar dala miliyan 83 da ɗoriya, domin injunansu su kan natsu a ɗakin gwaji, in sun hau titi su sake hali. Wata guba ce dabam a ka kama su a kanta, amma darasin ɗaya ne. Saboda irin wannan, dokar Turai ta 2013 ta wajabta a riƙa ɗaura wa babbar mota ma'auni a salansa, a auna ta tana cikin tafiya da kaya.

Wanda ya ari jadawalin Turai don ya lissafa hayaƙin hanyoyin Nijeriya da Nijar, lalle ya kula da abu huɗu. Na farko, gidajen lodi a jadawalin sun ƙare ne a cikakken lodi, ga shi kuwa kowa ya san mota ta kan tashi daga tasha da abin da ya zarce haka, har da mutane a bisa kaya. Na biyu, da yawa cikin motocin sun gama aikinsu a Turai kafin a shigo da su, injin ya tsufa. Na uku, a salansar motocin zamani akwai wata tukunya mai ƙone wannan guba kafin ta fita, amma ba ta aiki sai ta yi zafi, farar wutar da ke cikin mai kuma tana kashe ta. Turai ta rage farar wuta zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma kuwa sai a 2020 ta tsai da kashi 50 ga man da za a shigo da shi. Na huɗu shi ne tudu. Garin Jos ya ɗara mita 1,200 bisa teku, iskarsa ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da ya saba zuƙa a Legas.

Saboda haka lissafin aro zai nuna hayaƙi kaɗan, hukuma ta ga kamar ba kome, alhali ɗan dako da mai abinci a bakin tasha suna shaƙar abin da ba a rubuta ba. Gyaran shi ne a auna motocin ƙasar nan a kan hanyoyinsu, da lodinsu, da man da su ke sha.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun attajiri da direba. Kada a bar inji a kunne cikin sito ko rumfar da ke rufe. Kada yaron mota ya kwanta ƙarƙashinta don jin ɗumi inji yana aiki. A kakkaɓe matatar iska a kan kari, musamman lokacin ƙura, a kai nozul wurin makaniki. Man da bai ƙone sosai ba kuɗin mai mota ne ya bi iska. Wanda kuwa ya ji kansa yana sarawa a kusa da motar da ke ruri, ya fita sarari maza, in bai ji sauƙi ba a kai shi asibiti.